KUKAN BIRKI JAWABI NE

'Yan'uwa ɗalibai, na san akwai waɗanda za su ga kan wannan magana su yi tsaki, su ce mujallar ƙungiyar ɗalibai ta rasa abin bugawa sai zancen gareji. Su yi haƙuri su karanta tukuna. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ni kuwa na zo ne in ce kukan birki ya fi na kurciya cancantar a saurara, domin kurciya in ba a gane yarenta ba babu wanda za a kai kushewa.

Ina da kawu a Babura, ƙanen mahaifiyata, manomin riɗi da zoɓo ne. Shekara da shekaru yana tari, ya haɗa da kuɗin shanun da ya sayar, ya tafi Kano ya sayo motar ɗaukar kaya irin wadda ake kira a-kori-kura. Ba kwance ba ce, ba kuma tokumbo ba, sabuwa ce fil, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ranar da ta shigo gari har da guɗa. Ba a yi mako uku ba sai amarya ta soma kuka. Duk sa'ad da ya ɗora ƙafa a birki sai ka ji wani siririn ƙara mai shiga haƙori, kamar ana jan ƙusa a kan kwanon rufi. Yaran tasha suka sa mata suna, suna jin ta tun daga nesa sai su ce ga mai guɗa nan tafe. Mutumin da ya zuba gumin shekara goma a abu, ya wayi gari abin ya zama na dariya, ai kun san yadda zuciyarsa za ta kasance.

Ya ɗauki mota ya koma inda ya saya, tafiyar da ta cinye masa yini guda da man da ba a faɗa. Wani saurayi mai ɗaure da laƙani a wuya ya fito daga ofis mai sanyi, ya tsaya daga nesa, ya ce, "Alhaji, ai ba komai, haka sababbi suke yi. Za ta daina da kanta." Kawu ya ce, "Yaro, ko za a ɗan kwance taya a duba?" Aka ce masa masu dubawa suna da aiki, sa'an nan kuma garanti bai shafi fatar birki ba, domin abu ne mai cinyewa. Ko sifana ba a ɗauko ba. Ya juyo gida da kukansa.

A gida sai ya kai ta gindin bishiyar da ake gyara a bakin tasha. Maigidan garejin ba ya nan, sai yaronsa, wanda ba shi da mugun nufi ko kaɗan, yana dai son ya burge Alhaji. Ya ce, "Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne, ƙarfe ne ya bushe." Ya ɗauko mai ya fesa a kan faifan birkin gaba na ɓarin da ya fi kuka. Nan take kuka ya ɗauke. Kawu ya yi murna, ya ba shi tukuici. Ran kasuwa da ta biyo, yana tafe da lodi a hanyar Kanya Babba, amalanke ta ratso titi, ya taka birki, mota ta ƙi tsayawa yadda ya saba, ta fizge gefe guda, ta bar kwalta ta faɗa rairayi. Rairayin nan shi ya tsai da ita, da ikon Allah. Yaron da ke jan shanun bai fi shekara goma ba.

Da na je gaishe shi sai ya dube ni ya ce, "To, kai da ake cewa kana karatun injiniya, mene ne ke sa sabuwar mota kuka?" Wallahi na yi shiru. Na iya rubuta lissafin gogayya a kan allo, na ci jarrabawa a kansa, amma ban taɓa kwance taya na ga birki da idona ba. Kunyar ranar nan ita ta kai ni ga littattafai, sa'an nan ta kai ni zama a kan benci wajen tsohon bakaniken nan da bai kasance a garejin ba ranar da aka yi ɓarna. Abin da na koyo shi zan fara faɗa, domin wanda bai san yadda abu yake ba ba shi da bakin yin faɗa a kansa.

Birkin gaba na yawancin motocin yanzu faifai ne na ƙarfe wanda ke juyawa tare da taya, da wasu falankai biyu da ake kira fatar birki, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. In direba ya taka, man birki ya tura, muƙamuƙin ƙarfen da makanikai ke kira kalifa ya matse fatun nan a jikin faifai, gudun mota ya koma zafi, mota ta tsaya. To, kuka daga ina? Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya riga ya ga amsar. Mai goge yakan shafa ƙaro a izgar bakansa domin ta riƙa kama tsirkiya tana saki, tana kamawa tana saki, da saurin da ido ba ya gani, wannan kamu da sakin shi ke sa tsirkiya rawa, rawar kuwa ita ce sautin. Haka fata take yi wa faifai wani lokaci. Faifan ya ɗauki rawa kamar ƙararrawa, sama da sau 1,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, kunne ya ji ta a matsayin kuka. Yanzu ku tambayi mai goge abin da zai faru in aka shafa wa izgarsa man gyaɗa. Goge zai yi shiru, domin izga ta daina kamu. Shirun da yaron gareji ya samo wa kawuna ke nan, watau ya kashe kukan ta hanyar kashe birkin.

Wannan kuka ba yau ya fara ba, ba kuma a ƙasarmu ya fara ba. Wani injiniya na Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin faifai tun 1902, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana shi karɓuwa a lokacin shi ne ƙarar da tagullar da ya yi amfani da ita take yi a jikin faifan. Fiye da shekara 120 ke nan, har yau manyan kamfanonin mota suna da injiniyoyin da ba su da wani aiki sai yaƙi da wannan ƙara. Saboda haka kada wani ya ce mana abin ƙasƙanci ne ɗan jami'a ya tsaya a kansa.

Dalilan da ke sa sabuwar mota kuka ba su da yawa, kuma ba duka ne abin tsoro ba. Akwai tsatsar da raɓa ko ruwan damina ke bari a faifai cikin dare, wadda taku biyu ko uku da safe ke sharewa. Akwai ƙura da yashi, wannan kuwa mu mutanen arewacin Jigawa ba sai an ba mu labari ba: wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Babura da rani, ko ya kwana a Gwiwa lokacin hunturu, ya san yashi yana shiga har cikin tuwo, balle tsakanin fata da faifai. Akwai kuma wanda ya fi yawa a sababbin motoci, watau rashin sabo tsakanin fata da faifai. Sabuwar fata tana bukatar a saba da ita a hankali, direba ya sami fili marar jama'a ya riƙa ɗaukar gudu matsakaici, kamar kilomita 60 a awa, yana rage shi da taku mai ɗan nauyi ba tare da ya tsaya cak ba, ya maimaita sau da dama, sa'an nan ya yi tafiya ya bar ƙarfe ya huce. Da haka fata ke shimfiɗa wani ɗan siririn rufi na jikinta a kan faifai, su dace da juna. In kuwa tun ranar farko aka labta wa mota buhunan riɗi, aka riƙa jan birki ana ɗora ƙafa a kai ba ɗagawa, musamman a gangaren duwatsu irin na wajen Kazaure da Roni, sai fata ta yi zafi fiye da kima, fuskarta ta ƙone ta yi santsi tana ƙyalli kamar tangaran. Fata mai ƙyalli tana kuka, kuma kamunta ya ragu. Abin da ya sami motar kawu ke nan tun farko, yashi ya zo ya ƙara.

Maganinsa kuwa, in an kama shi da wuri, bai kai kuɗin man zuwa Kano ba. A ɗaga mota, a kwance taya, a fitar da fatun, a wanke ƙura, a goge ƙyallin da samfefa a kan wuri shimfiɗaɗɗe, a duba ko 'yan siraran ƙarafan nan da ake sawa a bayan fata don shanye rawa suna nan daram, a duba ko sandunan da kalifa ke zamewa a kansu ba su cije ba. Giris yana da wurinsa: bayan fata da jikin sandunan nan, shi ma irin wanda aka yi don jure zafin birki. Fuskar fata da fuskar faifai kuwa haramiyarsa ce har abada. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa, sai dai a zubar a sayi wata, kuma a canja ɓari biyu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe. Kawu ya zubar da fatun da ba su yi wata biyu ba.

Akwai kukan da shi gargaɗi ne da gangan. Masu ƙera fata da yawa sukan manna wani ɗan harshen ƙarfe a gefenta, wanda in fata ta cinye ta kusa ƙarewa sai ya soma taɓa faifai yana tsuwa, watau yana cewa a canja ni. Sabuwar fata takan kai kaurin milimita 10 ko fiye, in ta sauko wajen 3 to ta gama aiki. In kuma aka ji gurnani maimakon tsuwa, kamar ana niƙa tsakuwa, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, ko mota tana ja gefe, wannan ba a kwana da shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ya ninka huɗu.

Yanzu sai mu zo ga faɗan. Wani zai ce, to ai saurayin nan na ofis bai yi ƙarya ba, tun da ni da kaina na yarda sau da yawa kukan sabuwar mota ba hatsari ba ne. Na ji. Amma ta yaya ya sani? Likitan da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa mai tari ba komai, ko da ta tabbata mura ce, bai yi aikin likita ba, caca ya yi da ran wani. Kukan tsatsar safe da kukan kalifar da ta cije duk ɗaya ne a kunnen manomi. Mai bambance su sai ya kwance taya, aikin da bai fi rabin awa ba. Wanda ya karɓi miliyoyin mutum ya kasa ba shi rabin awa, ya nuna abin da yake ɗaukar mutumin. Kuma ina tambaya: da wani babban sakatare ne ya aiko direbansa daga Dutse da irin wannan kuka, haka za a sallame shi daga bakin ƙofa? Ranar da aka miƙa wa kawu makulli an ba shi wani littafi mai kauri da Turanci, wanda bayanin yadda ake lallaɓa sabon birki ke binne a ciki. Jimla uku da Hausa sun isa su hana duk abin da ya biyo baya. Babu wanda ya ga ya cancanci jimla ukun nan.

Doka kuwa tana nan a takarda. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta kafa hukuma ta tarayya, ta kuma ba mai saye ikon ya nemi gyara ko canji ko a mayar masa da kuɗinsa in kaya suna da aibi. Muna da hukumar kula da ingancin kaya tun farkon shekarun 1970, muna da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988. Sai dai ku shiga tashar Babura ku tambayi direbobi goma ko sun taɓa jin suna da irin wannan haƙƙi. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, kuma ba a rubuta shi da harshen da yake ji ba, da shi da babu duk ɗaya.

Wasu kuma za su ɗora laifin duka a kan yaron gareji, su ce jahilcin makanikanmu ne. Wannan shi ne zancen da ya fi ba ni haushi, domin ya fi fitowa daga bakin 'yan boko irinmu. Wa ya koya masa? Yaron nan ya shiga gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, ya koyi abin da ya gani, a hankalinsa kuwa duk ƙarfen da ke kuka mai yake so, kuma a ƙyaure da keke da injin niƙa gaskiyarsa ce. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa birki wuri ne da gogayya take abokiya. Maigidansa ya sani, da ya dawo ya ji abin da ya faru sai da ya yi kamar zai yi kuka, amma shi ma da gwaji da asara ya sani, ba da karatu ba. Waɗannan mutane su ke riƙe da rayukan duk wanda ya hau mota tsakanin Kazaure da iyakar Nijar, da sifana uku da guduma, ƙarƙashin bishiya, suna sayo kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano inda na gaske da jabu ke zaune a kwali iri ɗaya. Mu da muka san abin da ya sa ba mu taɓa zuwa mun faɗa musu ba, sa'an nan mu ɗaga hanci mu kira su jahilai!

Ba haka aka yi wa iyayenmu alkawari ba. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, Gwamnatin Tarayya ta haɗa kai da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, duka sun soma aiki a 1975, sa'an nan Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Mercedes a Inugu, da na manyan motocin Fiat a Kano. An ce za a fara da ɗaure ƙusoshi, a hankali a koyi ƙera sassan a gida, har a wayi gari mota ta zama tamu. Fijo 504 ta Kaduna ta cika hanyoyin Arewa, kuma ko ba komai kowane bakanike ya san cikinta kamar tafin hannunsa, kayan gyaranta suna ko'ina. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, masana'antun nan suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, tokumbo ta mamaye kasuwa. A 2013 aka sake fito da wata manufa ta farfaɗo da harhaɗa motoci, aka ɗaga kuɗin fito, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta shi. Shekara 50 muna kai gwauro muna kai mari, abin da muka tsira da shi shi ne kasuwa mai ɗauke da motoci iri ɗari daga ƙasashe goma, waɗanda aka gwada birkinsu a kan titunan da ba su san yashin Babura ba, ga wuraren gyaran masu sayarwa duk sun taru a manyan birane. Mutanen Nnewi a ƙasar Ibo, su kam ba su jira gwamnati ba, daga sayar da kayan gyara suka shiga ƙera su. Mu me muka ƙera?

Nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma ba zan sassauta ba don ni ma ina ciki. Muna shiga jami'a da burin ofis mai sanyi da laƙani a wuya, watau burinmu shi ne mu zama saurayin nan da ya sallami kawuna. Ɗalibin injiniya yana jin kunyar a gan shi da baƙin mai a hannu, sai ka ce ba don baƙin man aka kafa sashen nasa ba. In lokacin aikin kammala karatu ya zo sai mu kwafo batun da aka yi a wata ƙasa shekara ashirin da suka wuce, mu canja suna, mu ɗaure da bango mai kauri, a ajiye a kanta ƙura ta ci. Ga tambayoyi kuwa zube a ƙofar gidanmu ba mai ɗauka. Wace irin fata ce ta fi jure yashinmu da zafin bazara? Cikin fatun da ake sayarwa a kasuwanninmu, nawa ne ke kamu yadda kwalinsu ya faɗa? Nawa ne har yanzu ke ɗauke da asbestos, ma'adinin nan mai jawo ciwon daji a huhu, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2005, alhali yaran garejinmu suna hure ƙurar birki da bakinsu? Ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya. In waɗannan tambayoyi ba namu ba ne, to na wane ne?

Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta iya shirya makon raye-raye da gasar ƙwallo, ta iya buga takardar gayyata mai ruwan zinariya don liyafar bankwana. Ina kira gare ta da ta ware kaɗan daga wannan kuɗi ta buga takarda guda, gaba da baya, da Hausar boko da ajami, mai bayanin kukan birki iri-iri, da wanda za a yi haƙuri da shi da wanda za a ajiye mota saboda shi, da inda ake sa giris da inda ba a sawa, da haƙƙin wanda ya sayi sabuwar mota. A hutu mai zuwa 'yan asalin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa kowa ya ɗauki rabonsa ya kai tashar garinsu, ya nemi izinin shugabannin direbobi da na makanikai, ya zauna a benci, ba a kujera ba. Kuma kada wanda ya je da niyyar koyarwa kaɗai, domin zai sha kunya.

Ni na riga na sha tawa. Ranar da muka sa wa motar kawu sababbin fatu, tsohon bakaniken nan ya miƙo mini sifana ya ce, "Ɗan boko, bisimilla, kwance mana taya." Na ɗauko jak zan ɗaga mota. Ya riƙe hannuna ya ce, "A'a, ɗana. Ana sassauta ƙusoshi tun taya tana ƙasa. Wannan ba a rubuta muku a littafin ba?" Yaron da ya fesa man nan yana tsaye a gefe, shi ya fi kowa dariya.